Lado Mai Amalanke da Naman Suna

A wani ƙauye da ke gabas da Yekuwa, in ka tambayi gidan Lado, sai a ce maka ka bi sawun taya. Lado mai amalanke ne, kuma tun ranar da ya mallaki amalanken da jakinsa ya yi sallama da tafiyar ƙasa. Gona da amalanke, rijiya da amalanke, har gaisuwar mara lafiya a gidan da ke bayan dangarsa sai ya ɗaura wa jaki kaya ya zagaya ta gaba. Liman ya taɓa yi masa magana saboda ya ɗaure jakin a jikin tagar masallaci ranar Juma'a, jakin ya yi ta kuka ana tsakiyar huɗuba. Lado ya ba da haƙuri sosai. Juma'ar da ta biyo baya ya ɗaure shi a ɗaya tagar.

Sunan jakin Direkta, saboda ba ya motsi sai ya ga dama.

Wanda ya san Lado a 'yan shekarun nan zai rantse da ƙibarsa aka haife shi, amma ba haka ba ne. Yana saurayi siriri ne kamar karan dawa. Ya yi cirani ba kaɗan ba: ya yi dako a Kano, ya yi ga-ruwa a Legas, ya je har wajen haƙar zinariya can arewa, ya dawo da tari da wata rediyo da ba ta kama tasha ko ɗaya. Bayan ya auri Ɗela sun haifi 'yarsu ta fari, Fiddausi, sai ciwo ya kwantar da shi. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, ciki ya ƙi riƙe abinci, ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Mutane suka fara zuwa gaishe shi da irin fuskar da ake zuwa ta'aziyya. Wata rana maƙwabcinsa Hambali ya zauna a bakin tabarma, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya sunkuyo ya rage murya.

"Lado, ba fata nake ba. Amma in abin ya zo da ƙarar kwana, wa za a bar wa jakin?"

Har yau Lado na cewa wannan tambayar ce ta hana shi mutuwa. Washegari Ɗela ta shimfiɗa masa tabarma a kan amalankensa, ta karɓi sanda, ta kora Direkta har Magariya. A gidan likita aka gwada jininsu, aka ce sida ce, wato ƙanjamau, shi da ita duka. Aka gwada Fiddausi, Allah ya tsare ta. Aka ba su ƙwaya, aka ce za su sha ta kullum har iyakar rayuwa, kuma wannan magana sirrinsu ce, ba dole su gaya wa kowa ba.

Wanda ya faɗi haka bai san Lado ba. Lado bai taɓa kwana da magana a ciki ba. Kafin su fita daga Magariya ya gaya wa mai sayar da rake, a hanya ya gaya wa wasu mata da suka roƙi a rage musu hanya, da suka iso gida kuwa ya aika a kira masa Hambali don ya sanar da shi cewa an gano ciwon, akwai magani, jaki yana nan a hannun mai shi. Mutanen ƙauye suka ɗan ja da baya. Wasu suka daina hawa amalankensa, wasu suka daina cin tuwon gidansa. Sai kaka ta zo, buhunan wake suka taru, amalanken kirki a ƙauyen kuwa nasa ne kaɗai. Da ɗai-ɗai suka dawo, kowa na yi kamar bai taɓa tafiya ba.

Shi da Ɗela ba su taɓa wasa da ƙwayar ba. Da an idar da sallar asuba za ta miƙo masa tasa da moɗar ruwa, ta haɗiye tata. Jiki ya dawo. Suka ƙara haihuwa, yaran duk lafiya lau. Shekaru suka tafi, har aka zo aka sauya musu magani zuwa wata ƙwaya guda ɗaya mai sauƙin sha. Daga nan ne abin mamaki ya fara. Ɗela tana nan yadda take, kamar muciya. Lado kuwa ya fara cika. Kumatu suka fito, wuya ya yi layi, sannan tumbi ya ɓullo, ya yi gaba ya bar mai shi a baya.

Ba a taɓa ganin mutumin da ke son tumbinsa kamar Lado ba. In yana magana hannunsa na kai, in ya yi dariya sai ya dafa shi kamar mai lallashin yaro. In ya haɗu da waɗanda suka zo masa da fuskar ta'aziyya a wancan lokacin, sai ya tsayar da Direkta, ya ja riga ta ɗame, ya gaishe su a tsanake don su samu lokacin kallo. Ya sa tela ya rage wa rigunansa faɗi da gangan.

Kuma yana yi wa tumbin hidima. Duk ranar kasuwar Dungas, da ya sauke kaya, sai tukubar Sadiƙu mahauci. Sadiƙu taubashinsa ne, ba sa haɗuwa ba su zagi juna ba, amma kullum yana ware masa fararen yankan kitse da ba mai iya ci sai shi. Lado zai barbaɗa gishiri da yaji, ya ci har mai na gangarowa gwiwar hannu, ya kora da shayi mai sukari kamar kunu, ya kunna taba, ya hau amalanke ya kishingiɗa. Direkta ya san hanyar gida.

Direkta ne ya fara gane akwai matsala. Akwai wani tudun yashi tsakanin ƙauyen da Yekuwa, wanda ya saba hawa da buhuna da mai gida a sama ba gardama. Wata rana ya zo gindin tudun ya tsaya, ya waiwayo ya dubi Lado. Lado ya yi tsawa, ya yi lallashi, ya ɗaga sanda. Jaki ya ƙi. Da Lado ya sauko don ya ga ko wani abu ya shiga taya, sai Direkta ya ja amalanke ya haye tudun da gudu, ya tsaya a sama yana jira. Dole Lado ya bi shi da ƙafa. Bai kai rabin tudun ba ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa turmi, numfashi ya ƙi isa, ido ya yi duhu. Ya zauna a yashi yana haki, yana zagin jakin a zuci don bakin ba shi da iskar yin zagi.

Bai ɓoye wa Ɗela ba, don ba ya iyawa. Ranar karɓar magani ta zagayo, ta ce ya faɗa wa Majo ko ita ta faɗa.

Majo Habsatu ita ce babbar ma'aikaciyar ɓangaren da suke karɓar magani a Magariya. Ta san Lado tun yana ƙashi da fata. Ta saurari labarin tudu, ta ɗora shi a kan sikeli, ta dubi allurar sikelin, ta dube shi. Ta ɗauko abin awon tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, ta naɗa masa a dantse, maɗaurin ya ƙi haɗuwa, sai da aka aro babba daga wani ɗaki. Da ta ga abin da awon ya nuna sai ta ɗago kai.

"Malam Lado, tansiyonka ya hau sosai."

"Ya fi na Ɗela?"

"Nesa ba kusa ba."

"Alhamdulillahi," in ji Lado, ya shafa tumbi.

Ɗela tana can layin farmasi, inda ake ba da magani, a lokacin, saboda haka ba wanda ya taka masa ƙafa. Majo ta ja kujera ta yi masa bayani a hankali. Ta ce ƙwayar nan da ta tashe shi, a jikin wasu mutane takan kawo ƙiba, wasu irinta kuma sukan ƙara maiƙo a cikin jini. Ita kanta cutar, ko tana kwance, takan gajiyar da hanyoyin jini in an daɗe tare. In aka haɗa da kitse da gishiri da taba da zama wuri ɗaya, zuciya ce ke ɗaukar kayan duka. Ta ce dole ya kula da zuciyarsa, ya rage mata nauyi, sannan ta sa aka ɗebi jininsa don a yi analis, wato gwaji.

A duk wannan bayanin kalma ɗaya Lado ya ɗauka, ita ce zuciya. Kuma shi a saninsa, mai zuciya shi ne mai saurin fushi. Ya tuna yadda ya yi wa Direkta tsawa a gindin tudu kafin ƙirjin ya kama shi, sai komai ya fito masa fili.

"Me Majo ta ce?" in ji Ɗela a hanya.

"Ta ce zuciya ta yi mini yawa. In rage."

Ɗela ta yi tunani, ta ga maganar ba ƙarya ba ce, ta bar ta a haka.

Daga ranar Lado ya zama mutumin da ya fi kowa haƙuri a ƙasar Yekuwa. Awakin Hambali suka shiga suka cinye masa harawa, ya je har gida ya tambayi Hambali ko sun ƙoshi. Wata mata ta ɗora masa tukwane, a hanya ta ce ya fasa mata ɗaya wadda tun a gida take a tsage, ya ce ta yafe masa. Direkta ya kwanta a tsakiyar hanyar Dungas da rana tsaka, Lado ya tsuguna kusa da kunnensa yana cewa, "Direkta, don girman Allah, in ka huta ka sanar da ni," har la'asar ta yi. Labari ya bazu. Mutane suka riƙa zuwa musamman don su gwada shi. Wani ya taka masa ƙafa a masallaci ya tsaya a kai, Lado ya yi murmushi, jijiyar goshinsa na rawa. Duk fushin da ya haɗiye kuma sai ya kai shi tukubar Sadiƙu ya danne da kitse, don ya lura ba abin da ke kwantar masa da rai kamarsa. A wannan watan ya ninka abin da yake ci.

Da sakamakon analis ya fito suka koma tare, wannan karon Ɗela na zaune a gefensa. Majo ta ce maiƙo ya yi yawa a jininsa, ta sake awon tansiyo ta ga ya ƙara hawa, sikeli ma ya ƙara.

"Malam Lado, me ka yi a kan abin da na gaya maka?"

"Majo, wallahi na yi iyakar ƙoƙarina. Wata guda ban zagi kowa ba. Ki tambayi Ɗela. Ko jakina sai da izininsa muke tafiya."

Majo ta dube shi, ta dubi Ɗela. Da ta gane abin da ya faru sai ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Sai da ta share hawaye sannan ta kama hannunsa ta ɗora a ƙirjinsa na hagu.

"Wannan nake nufi. Naman nan da ke bugawa. Ka zagi wanda ka ga dama, ba ruwana. Kitse za ka bari, da gishiri mai yawa, da taba. Kuma ka riƙa tafiya da ƙafa kullum."

Lado ya ji abin na bugawa a tafin hannunsa. Ya tuna harawarsa, ya tuna wanda ya taka masa ƙafa. Sannan wata dabara ta zo masa, fuskarsa ta washe.

"To Majo, tunda ƙwayar ce ta kawo ƙibar, ai gyaran mai sauƙi ne. A bar ƙwayar, a bar mini kitsena."

Dariyar Majo ta ɗauke gaba ɗaya. Ta ce in ya kuskura ya bar ƙwayar, cutar za ta farka, kuma in ta farka ita ma zuciyar za ta ci, ta haɗa da sauran jikin, ya koma inda ya fito ko ya wuce nan. Ta ce in ma akwai buƙatar sauya magani, likita ne zai duba ya sauya, ba shi da Sadiƙu mahauci ba. Ta rubuta masa wata 'yar ƙwaya ta tansiyo da zai ƙara a kan waccan.

Ɗela ta ja shi suka fito. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Baban Fiddausi, ni na kora jakin nan na kawo ka garin nan kana kwance kamar itace. Ka bar ƙwayar nan rana ɗaya ka gani. Ni da kaina zan kai wa Hambali jakin."

Ba a sake tayar da maganar ba.

Ranar kasuwar da ta biyo baya Ɗela ta riga shi zuwa Dungas. Abin da ta gaya wa Sadiƙu ba wanda ya ji, amma da Lado ya iso tukuba ya miƙa hannu, sai Sadiƙu ya ɗora masa wata 'yar tsoka ja, busasshiya, ba ɗigon mai.

"Mene ne wannan? Takalmi?"

"Abin da hukuma ta yarda a ba ka ke nan," in ji Sadiƙu. "Matarka ta ce in na ba ka kitse ka faɗi, ni zan ɗauki gawarka ni kaɗai. Na dube ka, na dubi bayana, na ga ba zan iya ba."

Lado ya zagaya sauran mahautan kasuwar, ya tarar duk saƙon ya isa. Ya dawo ya tsaya ta inda iska ke kaɗa hayaƙin tukubar, ya lumshe ido yana shaƙa, har Sadiƙu ya ce ya matsa yana tsorata masu saye. A gida miya ta zama salam. Taba kuwa Ɗela ba ta ɓoye ba, ba ta yi faɗa ba, sai dai duk sanda ya kunna sai ta zo ta zauna a gabansa ta zuba masa ido ba ƙiftawa har ya gama. Bai jure sati biyu ba ya bari. Tafiyar ƙasa ce ta gagara. Ya gwada sau ɗaya, ya bi gefen amalanke yana tafe, duk wanda ya gamu da shi sai ya tambaya ko taya ce ta lalace, wata tsohuwa har ta ce Allah ya ba shi lafiyar kai. Ya hau abinsa ya ce ba zai zama abin kallo ba.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidan wani ɗan'uwansa, aka yanka rago. A wajen sunan Lado ya gano abin da bai taɓa lura da shi ba: a gidan suna ba wanda ke tambayar baƙo me likita ya ce. Aka turo masa kwano, ya ci har da romon da ke ƙasa. Daga ranar ya zama mai zumunci. Duk inda aka haihu a ƙauyukan kewaye, ko bai san uban jaririn ba, Lado na sahun gaba da fatiha, kuma kusa da inda ake fiɗa. Ya riƙa tambayar fasinjojinsa matar wa ke da tsohon ciki.

Ɗela ta gane a suna na huɗu ko na biyar, don ya dawo gemunsa na ƙyalli. Ya shirya jin faɗa, sai ta ce masa ita ba za ta hana mutum zumunci ba, zunubi ne.

"Amma jaki ba a gayyace shi ba. Duk sunan da za ka, ka je da ƙafarka. Amalanke na aiki ne."

Lado ya auna maganar. Nama a can, ƙafa a nan. Naman ya rinjaya. Da farko na kusa yake zuwa, ya isa yana haki, ya zauna a gindin bishiya sai ya dawo hayyacinsa. Amma mata ba sa haihuwa a kusa kullum. A hankali ya fara miƙawa, ƙauye na gaba, na gaba da shi, har ya zama yakan fita da sanyin safiya da sanda da gorar ruwa, ya isa ana shirin raɗa suna. Abin da bai sani ba shi ne, Ɗela na da salula, kuma ba ƙauyen da ba ta da 'yar'uwa ko ƙawa. Kafin ya isa saƙo ya riga shi. Sai a tarbe shi da murna, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa kwano na musamman a rufe. In ya buɗe, tsoka ce zalla an yanke mata duk wani fari, ga zogale a gefe. Ya yi ta mamakin yadda ragunan bana duk suka rame. Har ya yi wa wani makiyayi faɗa a kan haka.

Watanni suka wuce. Tudun da ya kayar da shi ya zama yana haye shi yana waƙa. Amma wata safiya ya ɗaura wando, ya ja mazagi, ya ga ya ja fiye da yadda ya saba. Ya dubi ƙasa, ya hango yatsun ƙafarsa, waɗanda ya daɗe bai gani daga sama ba. Ya koma ɗaki ya ɗauko wani tsohon zanin Ɗela ya naɗa a ciki, ya ɗora riga a kai. Kwanaki yana haka, cikin zafin bazara, zufa na yi masa wanka, ga shi a karon farko a rayuwarsa yana riƙe da sirri, abin na ci masa rai fiye da zafin. Ranar kasuwa yana sauke buhu a gaban jama'a sai zanin ya kwance, ya zubo ta ƙarƙashin riga har ƙasa, ja mai furanni. Sadiƙu ya leƙo daga tukuba.

"Barka da arziki, Lado! Mace ko namiji?"

Kasuwa ta ɗauka. Lado bai rama ba, abin da ya sa Sadiƙu ya daina dariya ke nan. Ya naɗe zanin ya koma gida tun kasuwa ba ta watse ba. Ɗela ta same shi a zaune a bayan rumbu, zanin a cinyarsa. Ta buɗe baki za ta tambayi abin da ya haɗa shi da kayanta, sai ta ga idonsa.

"Ɗela, ramewa nake. Haka ya fara wancan karon. In tumbin nan ya tafi, za su fara zuwa gaishe ni da irin fuskar nan."

Ta zauna kusa da shi. Ta ce wancan karon ko moɗa ba ya iya ɗagawa, yanzu kuwa shekaranjiya ya je suna har kusa da Dogo-Dogo ya dawo da ƙafa, ya kuma nemi tuwo. Ta ce ramar ciwo daban, wannan daban. Da ta ga bai gamsu ba, washegari ta kai shi wajen Majo ba tare da ranarsu ta yi ba. Majo ta auna tansiyo da ƙaramin maɗauri, ya haɗu, kuma tansiyon ya sauko. Ta duba gwajinsa na baya-bayan nan ta ce cutar na kwance yadda ake so, har na'ura ba ta iya ganinta a jini. Ta ce ba ta taɓa ganin jikinsa da kyau haka ba tun da ta san shi, amma kada ya saki jiki, ƙwayoyin duka biyu da tafiyar duk za a ci gaba. Lado ya nemi ta maimaita maganar na'urar da ƙarfi, ƙofa a buɗe, don na kan layi su ji. Ta ƙi. Da ya fito ya gaya musu da kansa.

Bayan damina aka yi wani babban suna a wani ƙauye wajen Sassumbrum, gidan wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana neman ɗa namiji. An kawo rago fari ƙato mai ƙaho a murɗe. Liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha, mahauci ya wasa wuƙa, sai ragon ya fizge igiya, ya ture mai riƙon, ya tsallake danga ya shiga gonakin da aka girbe. Maza suka bi shi da manyan riguna. Mai gida ya fara zubewa tun a bakin gari. 'Yan kabu-kabu biyu suka bi da moto, wato babur, yashi ya riƙe su. Samarin da suka fita da gudu suka ƙone ƙarfinsu tun da wuri, suka tsaya riƙe da kwiɓi.

Lado bai yi gudu ba. Ya soke rigarsa a wando, ya ɗauki sandarsa, ya bi sawun ragon da irin tafiyar da ya saba. Rago ya yi gudu ya tsaya, ya waiwayo, ya ga mutum na tafe. Ya sake gudu ya tsaya, mutumin na nan tafe. Haka suka yi ta yi, gona bayan gona, har rana ta ɗaga. A ƙarshe ragon ya shiga inuwar wata gawo ya kwanta, harshe a waje. Lado ya iso ya kama igiyar, ya zauna kusa da shi, ya ɗora hannu a ƙirji yana saurare. Abin na bugawa da ƙarfi, amma ba nauyi, ba duhu, kuma yana zaune yana ji ya koma daidai. Ya sha ruwa, ya zuba wa ragon saura a tafin hannu.

Da ya shigo gari da rago a baya, mata suka yi guɗa kamar shi ne angon ƙarni. Mai gida ya rantse ba wanda zai taɓa naman nan sai Lado ya zaɓa, kuma da aka gasa, shi da kansa ya ɗauko tire ya kawo masa gaban jama'a, ya ce ba ruwansa da saƙon kowa. A tsakiyar tiren ga kitsen ƙirji, fari, yana tsiyaya, yana ƙara. Ta saman danga kuwa kawunan mata ne a jere, wata ma ta riga ta ɗaga salula.

Lado ya daɗe yana kallon tiren. Ya miƙa hannu ya tsinci ɗan guntun kitse kamar ƙwayar gyaɗa, ya ɗaga shi sama don na bayan danga su shaida girmansa, ya sa a baki, ya lumshe ido. Bai tauna ba, sai da ya narke don kansa. Sannan ya ja tsoka gabansa, ya tura sauran ga liman.

"Malam, bismilla. Amma in ka gama ka je a auna ka. Na ga yadda ka bi ragon nan, ko dangar ba ka kai ba."

Ya ci ya ƙoshi, aka ƙunsa masa cinya guda ya kai wa Ɗela. Mai gida ya ce a kira moto ta mai da shi, Lado ya ce a bari, akwai wata mai tsohon ciki a ƙauyen da ke kan hanya, yana so ya biya ya ji ko ta sauka.